Kwalin da Na Zubar

Shekarar da Baba ya faɗi, ni nake kai Auta ajin Asabar a kan babur.

Baba tela ne. Wata rana yana kan keken ɗinki ya sunkuya zai ɗauki almakashi, shi ke nan bai ɗago ba sai da aka ɗago shi. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ya lanƙwashe ya kwanta a ƙirji, yatsun sun dunƙule kamar yana ɓoye wani abu. Maganarsa kuma sai wanda ya saba yake ganewa. Ni nake yi masa wanka da safe kafin in tafi shago, ni nake sa masa riga. Umma ce ke ba shi abinci a baki, kuma duk cikin ciwon ba abin da ya tsana kamar wannan. In ta miƙo cokali sai ya kau da kai ya kalli bango, ta yi ta lallashi kamar yaron goye. Ya gwada da hagu, amma ita ma rawa take yi, abincin ba ya isa baki.

Masu zuwa dubiya kan dafa kafaɗata su ce in yi haƙuri. Sai in ce to. Amma gaskiya ban ji wani abu da zan yi wa haƙurin ba. Ina tashi, in yi abin da ke gabana, in kwanta. Ko ƙarfe mai zafi ya taɓa ni a shago, sai na ga tabon nake tunawa.

Ni mai walda ne. A aji biyar na bar makaranta, ba wanda ya kore ni, kaina ne bai ɗauka ba. Ƙanwata Auta kuwa daban take. Tun Baba na da lafiya yake cewa ƙwaƙwalwar gidan nan ajiye ta aka yi a wani lungu, duk muka wuce ba mu gani ba, sai da Auta ta zo ta kwashe. Shekararta sha shida, tana ajin ƙarshe na sakandare.

Makarantarsu ce ta tura sunanta. Su goma sha biyu aka tsamo daga makarantu daban-daban, yara masu kaifin kai a kimiyya, aka haɗa su da wata mata injiniya da ke ƙera kayan asibiti. Duk Asabar suna haɗuwa a wani ɗaki a hawa na biyu na kwalejin fasaha, har wata shida. Kowa zai zaɓi matsala ɗaya ya ƙera abin da zai magance ta. A ƙarshe za a ɗauki mutum uku. Kamfanin da matar ke aiki zai riƙa karɓarsu koyon aiki in an yi hutu, ya kuma ɗauki nauyin karatunsu har jami'a. Tun da Baba ya kwanta, wannan ce kaɗai hanyar da ta rage wa Auta ta jami'a. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya faɗa.

Abin da ta zaɓa, mariƙin cokali ne da za a sa wa Baba a hannu ya ci abinci da kansa.

Ɗakin nasu na san shi ta gilashin ƙofa. Dogayen tebura uku, kwamfutoci, da wata na'ura a kusurwa kamar akwatin gilashi. In yaro ya zana abu a kwamfuta, na'urar sai ta ja zaren roba daga wani ƙulli, ta narkar, ta yi ta shimfiɗa shi layi kan layi har abin ya tashi a tsaye. Wani lokaci awa huɗu take yi kan abin da bai kai tafin hannu ba. Injiniya gajeriyar mace ce mai ƙaton tabarau, kullum da fensir a maƙale a kunne. In ta hango ni takan buɗe ƙofa ta ce, "Yayan Auta, shigo mana, ba ma cizo."

"A'a, ranki ya daɗe, nan ma ya yi."

Kayana duk baƙin mai ne, ɗakin kuma fari tas. Sai in zauna a kan matakala har a tashi. Wata shida ban taɓa jin abin da take koya musu ba.

Duk bayan mako biyu ko uku Auta kan dawo da sabon mariƙi na shuɗiyar roba. Ranar Lahadi bayan azahar ake gwadawa. Ni nake sa wa Baba, ita kuma ta tsaya daga bakin ƙofa da biro da ƴar takarda. Na farko bai ma shiga ba. Na biyu ya shiga, amma cokalin kafaɗa yake kallo. Na uku ya tsage ina ƙoƙarin zura yatsun. Na huɗu ya kusa, shinkafar ta taso har wajen haɓa sannan ta zube.

Baba ya kalli ƙirjinsa ya yi magana. Auta ta ce, "Yaya, me ya ce?"

"Ya ce yau ma rigar ce ta ƙoshi."

Umma ta yi dariya. Auta ta rubuta wani abu, ta ɗaura takardar da zare a jikin mariƙin, ta sa masa lamba, ta jefa a wani kwali da ke ƙarƙashin keken ɗinkin Baba. Haka take yi wa kowanne. Keken yana fuskantar gadon. Sau da yawa in na shigo da ruwan wanka, idon Baba na kan kwalin nan.

Na tara ya karye saura mako biyu a gama. A wajen babban yatsa ya ɓalle, ɓallin ya yi tsalle ya faɗa cikin miya. Wannan karon Baba bai yi barkwanci ba. Auta ta tsamo ɓallin, ta wanke, ta rubuta tara, ta jefa a kwali. Ta wuce ɗakinsu ta rufe ƙofa a hankali.

Ranar Litinin aiki ya yi sauƙi a shago, ƙofa ɗaya muka haɗa. Na ga wani guntun ƙarfe marar tsatsa a ƙasa, ragowar aikin wani gidan burodi. Na ɗauka na yanka siriri, na goge bakin, na fara lanƙwasawa da guduma. Ban auna komai ba. Hannun Baba na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu, wata tara ina wanke shi. Na san inda wuyan hannun ya murɗe ciki, na san yatsan da ke yarda da wanda ba ya yarda.

Maigida, mai shagon, ya leƙo. "Sarkin sanyi, mene ne wannan? Tarkon ɓera?"

"Na Baba ne."

Ya karɓa ya jujjuya. "Naɗa masa roba, kar ya ci masa fata. Kuma wannan ɗinkin walda ka sake shi, kamar kashin kaza."

Na sake. Na farkon da na ɓata, Maigida da ƙafa ya tura shi cikin tarin da ake bai wa masu jari-bola. Dokarsa ce tun ina sabon zuwa: aikin da ya lalace ba ya kwana a shago. Yakan ce mai kawo aiki in ya shigo ya ga ɓarnarka a jingine, ita zai tafi da ita a ransa, ko da ka yi masa ƙofar gidan sarauta. Duk yamma kafin mu rufe sai an kwashe. Shekara takwas nake yin haka, har ya zame min kamar wanke hannu.

Na koma gida da wuri, wajen la'asar. Auta ba ta dawo daga makaranta ba. Na sa wa Baba ƙarfen, na maƙala cokali. Umma ta kawo shinkafa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago kafaɗa, cokalin ya tafi kai tsaye ya shiga baki. Ya yi na biyu. Ya yi na uku. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi ta fita tsakar gida. Ni na tsaya ina kallo. Wani abu ya ɗan motsa min a ƙirji, kamar an buɗe taga an sake rufewa.

Ina tsaye na ji muryar mai jari-bola a layi, yana tura kurarsa. Na kalli kwalin. An samu mai aiki, me kuma za a yi da karyayyu tara da ke zaune suna kallon Baba yana kallonsu? Auta ma in ba ta gansu ba ranta zai yi sanyi. Na jawo kwalin, na fita da shi, na ɗora masa a kura. Ya ce robar ba ta da nauyi. Na ce ya tafi da ita kawai.

Da Auta ta shigo ta tarar da Baba yana kan kwano na biyu. Ta tsaya da jaka a kafaɗa ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Ki kai musu shi, yana aiki."

Ta ajiye jakar, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin keke. Ta miƙa hannu ta shafa ƙasan wurin, duk da ana gani ba komai.

"Yaya, ina kwalina?"

Na gaya mata.

Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Zama ta yi a ƙasa ta jingina da ƙafar keken.

"Su ne jarrabawar," ta ce.

"Karyayyun?"

"Ranar ƙarshe kowa zai jera duk abin da ya gwada a kan tebur, daga na farko har na ƙarshe, da takardar kowanne. Ka faɗi abin da ya sa ya lalace, da abin da ka sauya. Malama ta ce a kansu maki yake. Bara wasu iyayensu sun kai wa masu sana'a sun yi musu, suka kawo abu mai kyau, ba su san ta inda aka bi ba. Shi ya sa aka sa dokar."

"Ba ki gaya min ba."

"Ba ka tambaya ba."

Baba ya daina cin abincin. Ya yi magana, wannan karon ni ma ban gane ba.

Washegari da sassafe na nemi izini wajen Maigida na tafi inda masu jari-bola ke sauke kaya, bayan tashar manyan motoci. Fili ne babba, ƙarfe gefe guda, kwalabe gefe guda, roba gefe guda. A ƙarshen filin akwai rumfa da injin niƙa roba, ƙararsa har cikin haƙori. Na samu mutumin jiya yana shan shayi a kan wata tsohuwar taya.

"Kwalin jiya? Ai tun jiyan na juye."

Ya raka ni wajen mai injin. Mai injin ya kashe, ya cire tsumman da ya ɗaure hanci da shi, ya saurare ni har na gama.

"Wace kala ce?"

"Shuɗiya."

Ya nuna min buhuna huɗu a jingine, cike da ɓarzajjiyar roba kamar tsakuwa. "To ga shuɗi nan. Zaɓi naka."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na zura hannu cikin buhu ɗaya, na damƙo, na saki. Na tambayi takardun. Suka ce takarda ƙona ta ake yi da yamma. Na yi musu godiya na koma shago, na ƙarasa ƙofar da muka fara.

Ranar Asabar da muka isa kwalejin ban zauna a matakala ba. Na bi bayan Auta na shiga. Sanyin ɗakin ya bugi fuskata, ga wani wari kamar an ƙona alewa. Yaran suka ɗago suka kalle ni suka mayar da kai. Injiniya tana gyara zaren na'ura.

"Ikon Allah, yau Yayan Auta ya shigo. Lafiya?"

Na gaya mata duka, a tsaye, hulata a hannu. Ba ta katse ni ba. Da na gama na ce, "Ranki ya daɗe, na yi wani tunani. Zanen duka yana cikin kwamfuta, Auta ta ce. A sake buga su taran. Ni zan karya su. Ni na sa wa Baba kowanne, na san inda kowanne ya karye, ba wanda zai gane."

Ta zare tabarau ta kalle ni. "Ka san sunan wannan aikin?"

"Gyara."

"Ƙarya sunansa. Kai ka san inda suka karye, ita kuma za ta tsaya gaban mutane ta rantse a kai. Ka ƙara mata kaya ke nan." Ta mayar da tabarau. "Ina wanda ka yi?"

Na ciro shi daga aljihu. Baba ya ba ni aro da ƙyar. Ta jujjuya shi, ta sa a hannunta, ta murɗa wuyan hannun ciki tana gwadawa.

"Da me ka auna?"

"Ban auna ba."

"To da me ka san nan zai karkata haka?"

"Haka hannun yake."

Ta kira Auta. Ita ma Auta take ce mata, don ta ji ina faɗa. Ta miƙa mata ƙarfen da wani ma'auni mai baki kamar na kada, ta ce ta auna kowane lanƙwasa ta gwada da zanenta na tara. Auta ta zauna gaban kwamfuta. Ta auna, ta rubuta, ta kalli allon. Ta sake aunawa. Ni ina tsaye ban san inda zan ajiye hannuna ba.

"Malama, nasa ya karkata ciki sosai. Nawa a miƙe yake. Kuma wajen yatsun nasa ya fi nawa matsewa."

"Wane hannun kika auna?"

Auta ta mayar da ido kan allon.

"Da ke nake."

"Na hagu."

"Na hagu ne ya shanye?"

"A'a. Na auna na hagu, sai na juya shi a kwamfuta, kamar yadda madubi ke yi. Ai hannu biyu ɗaya suke."

"Na wanda ke da lafiya." Injiniya ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta rage murya don kar sauran su ji, amma ni ina ji. "Tun da ya kwanta kin taɓa riƙe hannun?"

Auta ta kalli ma'aunin da ke cinyarta. Sai a lokacin na tuna duk Lahadin nan daga bakin ƙofa take tsayawa. Wata shida ina gani, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Injiniya ta ce, "Tun a na uku na ga awonki da matsala. Na ce bari in bar ki ki gano da kanki, don abin da mutum ya gano da kansa ba ya mantawa. Na bar ki ya yi yawa. Wannan nawa ne." Ta miƙe. "Mu uku ne alƙalan, ƙuri'ata ɗaya ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan roƙa miki ba. Zan faɗi abin da na gani da idona wata shida. Saura kwana bakwai. Ki je ki auna hannun da za ki yi wa aiki. In kin gama zanen ki zo ranar Alhamis da yamma, zan buɗe miki."

Ta ba ta aron ma'aunin. Ni kuma ta miƙo min ƙarfena. "Kai kuma hannunka na da ido. Da ka shigo tun farko da ka ji dokar, da mu ma mun ƙaru da kai."

Na ce to.

Ranar Lahadi bayan azahar Auta ta shigo ɗakin Baba da ma'auni da sabon littafi. Ta tsaya a inda ta saba.

"Yaya, riƙe min hannun, ni sai in auna."

"Hannuna da mai."

Ba mai a hannuna, ta gani. Na koma bakin ƙofa na tsaya a wurinta. Ta daɗe kafin ta ƙarasa bakin gadon ta durƙusa. Ta sa yatsa biyu ta taɓa bayan hannun, ta janye, ta sake taɓawa.

"Da sanyi," ta ce.

"Haka yake. Fara da ƙaramin yatsa, shi ne mai yarda. Kar ki ja, ki bi shi."

Baba yana kallon saman kanta. Ya yi magana a hankali. Ta ɗago ta kalle ni, sai ta fasa tambaya, ta juya gare shi.

"Baba, sake faɗa."

Ya sake. Sai a na uku ta gane. Cewa ya yi tela ba ya auna wani ya ɗinka wa wani.

"To ai ba ka gaya min ba, Baba."

Ya ɗaga kafaɗar hagu.

Ta yi fiye da awa tana aunawa. Shafi huɗu ta cika. Ranar Alhamis na kai ta, na'urar ta yi awa biyar tana shimfiɗa zare, mu uku muna zaune muna kallo. Ranar Juma'a ita da kanta ta sa wa Baba na goma. Ya ci cokali shida, biyu suka zube. Ya ce na ƙarfen ya fi, amma wannan ba ya sanyi da safe.

Ranar ƙarshe an jera tebura sha biyu a babban ɗakin taro na ƙasa. Iyaye suna zaune a baya. Umma ba ta zo ba, ba mai zama da Baba. Na sa farar rigata na zauna a kujerar ƙarshe. Teburin kowa a cike yake. Wani yaro mai matatar ruwa ya jera kwalabe goma sha huɗu, har da wadda ta ƙone. Wata yarinya ta kawo sandunan makafi bakwai, wasu a ɗaure da salatif. A teburin Auta abu biyu ne: na goma, da ƙarfena. Ta rubuta a takarda ta jingina masa, na yayana ne, ba nawa ba.

Alƙalan suka iso wajenta: Injiniya, da wani dattijo mai furfura daga kamfanin, da wata malamar kwalejin. Daga inda nake ba komai nake ji ba, sai na taso na matso kusa da ginshiƙi.

Dattijon ya ce, "Ƴata, ina sauran?"

"An zubar da su bisa kuskure, ranka ya daɗe."

"Duka tara?"

"Duka."

Ta buɗe zanen a kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi inda kowanne ya karye. Ta faɗi maganar hannun hagu ba ta rage komai ba. Ta ce sai da ta auna na yayanta ta gane kuskurenta.

Dattijon ya ɗauki ƙarfen a hannu ɗaya, robar a ɗaya, ya haɗa su. Lanƙwasarsu kusan ɗaya.

"Wanne aka fara yi?"

"Na ƙarfen."

Ya jinjina kai. Injiniya ta ce ita shaida ce, ta ga taran da idonta, a gabanta aka buga su. Ya ce bai musa ba. Ya ce amma sauran sha ɗayan ma suna da masu shaida, kuma ga nasu a kan tebur. In aka karɓi baki a wurin ɗaya, baɗi kowa da bakinsa zai zo. Malamar kwalejin ta rubuta wani abu ba ta ɗago ba. Suka wuce tebur na gaba.

Bayan azahar aka kira sunaye uku. Mai matatar ruwa, da mai sandar makafi, da wani yaro mai fitila. Aka yi tafi, ni ma na yi. Auta ta naɗe igiyar kwamfutar da aka ba ta aro ta mayar, ta sa robar da ƙarfen a jaka.

Injiniya ta same mu a wajen ajiye babura.

"Ƙuri'a ɗaya kika samu," ta ce. "Ba don tausayi ba. Da na ga ba ki cancanta ba da ban ba ki ba."

"Na gode, Malama."

"Baɗi kin gama sakandare, shirin ba zai ɗauke ki ba, kar in sa miki rai. Amma ni duk Asabar ina nan ƙarfe tara, da shiri ko ba shiri. Akwai jarrabawar neman tallafi guda biyu da na sani, masu wuya ne, kuma ba tabbas. In kina so mu zauna a kansu."

"Zan yi shawara."

"Ki yi." Ta juyo gare ni kamar za ta ce wani abu, sai aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Muka hau babur. Mun wuce shataletale, mun wuce asibiti. Da muka zo kan kwanar da ke shiga unguwarmu ta taɓa bayana.

"Tsaya, Yaya. Zan taka."

Na tsaya ta sauka. Da saura tafiya mai ɗan nisa. Na kashe babur ɗin na sauka ni ma, na riƙa tura shi a bayanta. Rana ta yi sanyi, yara na buga ƙwallo a layi, sai da muka jira suka ɗauke. Ina ta neman abin da zan ce mata. Duk wanda na ɗauko sai in ga bai kai ba, in mayar.

A ƙofar gida ta tsaya. Muna jin rediyon Baba daga ciki, da ƙarar kwanukan da Umma ke wankewa.

"Bari ni in gaya musu," na ce. "Ni na yi."

"A'a. Kai in ka fara bayani sai gobe." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Ni zan faɗa. Ka bari sai na kira ka."

Ta shiga. Na jingina babur ɗin da bango na zauna a kan dakali. Can na ji an rage rediyon.